Rasuwar Kaset Mai Gudu na Garwar Shinkafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu ke warin man kayu putih, man zafin da muke shafawa, ni Engkus Kusnadi na unguwar Ujungberung a Bandung nake sanar da 'yan uwa da abokai, da duk wanda ya taɓa tara gashi har kafaɗa ya sha zagi a kansa, rasuwar kaset ɗina. Ya cika ranar Laraba da hantsi a kan teburin kicin, yana da shekara talatin da biyar. Ni na kashe shi, kuma zan faɗi yadda aka yi, domin ba ni da sauran abin ɓoyewa.

An haifi marigayin a shekarar 1989 a rumfar Mang Oman da ke kasuwar Cihapit, inda ake kwafar kaset daga kaset. Yana ɗauke da waƙa tara na wasu Turawa masu kiɗan tirash, wato reshen kiɗan metal mai kururuwa, wanda ba ya tsayawa shan iska. Ba zan rubuta sunansu ba. Wanda ya sani ya sani, kuma kamar yadda za ku gani, rabin aikin ma ba nasu ba ne.

Marigayin ya kasance mai fushi, amma ba ya fushi da kowa a cikinmu. Mu 'ya'yan ma'aikatan masaƙa ne, a zamanin da yaro bai isa ya ɗaga murya ba, ko a gida ko a makaranta ko a titi. Shi ya riƙa ɗaga mana ita. Ba mu jin ko kalma goma daga abin da yake ihu a kai, amma mun san da mu yake. Duk wanda ya zauna da shi zai tuna yadda yake buɗe baki: ƙwas ɗin maɓalli, sai ssssss na daƙiƙa shida, sai sandunan ganga tak, tak, tak, tak, daga nan kuma dugudugudugudugu, sai maƙwabta su fara rufe taga. Bai taɓa ƙin tashi ba, ko da batir ya yi sanyi. Ya sha a zura masa biro a mayar da zarensa farko ba tare da ƙorafi ba. Shekara talatin ya kwana cikin garwar shinkafa saboda danshin garin nan, yana jure mitar matata Kokom, mai kirana Kang, wato Yaya, wadda ba ta taɓa auna shinkafa ba tare da ta ce, "Kang, kakanka ya sake shiga gwangwanina," ba.

A wurinsa mu huɗu muka koyi kiɗa, da kunne kawai. Cecep a jita, Entis a waƙa, ni a jitar bas, sai Kang Tatang a ganguna. Sunan ƙungiyarmu ba ya rubutuwa a takardar ta'aziyya. Kang Tatang ya girme ni da shekara biyu, kuma shi ya fi kowa shan wuya. Ya yi shekara yana dukan matashin kai da bokitan fenti, ƙafafu biyu suna rawa a ƙasa, yana ƙoƙarin kamo mai gangan cikin kaset. Sai da idon sawunsa ya kumbura sau biyu kafin ya kamo shi.

A 1993 marigayin ya gamu da hatsari. Rediyon wata motar haya ta tauna shi a tsakiyar waƙa ta uku. Na yanke wurin da reza, na haɗa da jan farcen Kokom. Ya warke, amma ya rasa kusan daƙiƙa ɗaya, sai ya zama idan an zo wurin yakan yi shaƙuwa, hik, ya ci gaba. Kang Tatang ya haɗa shaƙuwar cikin kiɗansa. Ko a dandali muke, idan an zo gurbin sai ya ɗaga ƙafa ya tsaya cak, sannan ya sauke. Matasa suka ɗauka salo ne, suka kwaikwaya.

Sai a shekarar 2000 muka san asalinsa. Cecep ya samo faifan CD na gaske, muka taru a ɗakinsa kamar masu jiran baƙo. Waƙar farko ba ta yi nisa ba Kang Tatang ya ce, "Cep, batirin injin nan naka ya mutu."

"Wane batir? A wuta yake."

"To su mutanen zazzaɓi suke yi? Ji yadda suke jan ƙafa, kamar masu dawowa daga biki!"

Ashe injin Mang Oman ne ke da lalurar bel. Duk abin da ya kwafa sai ya fito da sauri fiye da na asali, murya ta ƙara tsini. Turawan nan ba su taɓa yin gudun da muka sani ba. Kang Tatang ya yi dariya har ya kwanta a tabarma yana share hawaye. "Shekara goma sha ɗaya ina karya ƙafata ina bin mutumin da babu shi a duniya!" Da ya huce ya ce, "Kashe wannan gawar. Kus, sa mana namu."

Ina son masu karatu su fahimci girman rashin. Kundin na asali yana nan, kowa na iya jinsa a waya kyauta, kuma an ce duniya na girmama shi. Allah ya ba su sa'a. Amma wanda muka so, mai gudu, mai shaƙuwa a waƙa ta uku, guda ɗaya ne tak. Mang Oman ya gyara injinsa wata ɗaya bayan haihuwar marigayin, ya kuma daɗe da rasuwa.

Kuma bai bar ɗa ba, saboda ni. A cikinmu an yi imani cewa duk kwafin da aka yi yana tsotse muryar uwar kaset, don haka ba a ba da aronta. Da wannan na fake. Kang Tatang ya roƙe ni ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. "Kus, ba ni shi na awa ɗaya, ɗan rowa kawai." Ni kuwa kullum amsata ɗaya: "Kang, ƙofata a buɗe take, zo ka ji." Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ita ce, ni ne na fi kowa rashin iya kiɗa a cikinmu. Yatsuna ba su taɓa kamo gudun nan ba, ɓoyewa nake yi a bayan ganguna. Na san muddin kaset yana gidana, dole su zo gidana. Tsoro nake ji, kuma na kira shi kulawa har na kai shekara hamsin da huɗu.

Shekara huɗu da suka wuce Kang Tatang ya faɗi a bakin shagonsa na walda. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Wata biyar yana kallon bango. 'Yata Wulan ta sa masa kundin a waya, ya rufe ido. Ta ƙara masa gudu da wata dabara tata, ya saurara har waƙa ta uku, da aka wuce gurbin babu shaƙuwa sai ya juyar da kai. Ranar da na kai masa marigayin da tsohuwar rikodata, tun daga ssssss ɗin farko ya buɗe ido. Da sanduna suka yi tak huɗu, ƙafarsa ta hagu ta fara dukan katakon kujera. Matarsa Teh Nunung ta saki faranti a ƙasa. Tun daga ranar, kowace Lahadi ƙarfe huɗu, takan juya kujerarsa ta fuskanci ƙofa, in shigo, mu yi minti arba'in da ɗaya, fuskokin kaset ɗin biyu. A duk mako, wannan ne kaɗai lokacin da Kang Tatang yake dawowa cikin jikinsa.

Wulan ta yi ta bina. "Abah, don Allah, yini ɗaya kawai. In juye shi a kwamfuta, ka mayar da abinka cikin shinkafa."

"Sai mako mai zuwa."

"Abah, shekara uku kenan mako mai zuwa!"

Rashin lafiyar ƙarshe ta fara da daminar bana. Muryarsa ta riƙa dusashewa a fuska ta biyu, na duba na ga farin fumfuna a gefen zaren. Sai na tsorata, na ce wa Wulan ta zo ranar Alhamis da kayanta. Ranar Laraba na zauna na ce ai ba zan miƙa shi da datti ba. Na ɗauko abin da kowane gida a ƙasar nan yake ɗaukowa idan wani nasa ba shi da lafiya. Da man kayu putih aka shafe ni ina jariri, da shi nake shafa wa Kang Tatang kafaɗa, ciwon ciki da mura da cizon sauro duk shi ne. Na jiƙa auduga, na matse zaren a tsakaninta, na sa biro ina juyawa a hankali, ina masa magana. Da na ga audugar ta yi ruwan ƙasa sai na ji daɗi, na ce kai, ashe dattin ya yi yawa haka! Na canza auduga. Na sake canzawa. Sai da na kai ƙarshe Kokom ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Kang, me ya sa nake ganin yatsanka ta cikinsa?"

Ruwan ƙasan nan shi ne kiɗan. Na goge shi tas, tun daga tak na farko har ihun ƙarshe. Na sa shi a rikoda, ya juya lafiya lau, bai ce ko ssss ba.

Marigayin ya bar kwalinsa mai tsagewa biyu, da biro ɗaya shuɗi, da rikoda wadda yanzu ba ta da abin yi. Ya bar auduga bakwai da ke ɗauke da duk abin da ya taɓa faɗa. Ya bar jikoki masu yawa a dandalin garin nan, yara masu baƙaƙen riguna da ke kiɗa da gudun fitar hankali saboda sun koya daga waɗanda suka koya daga gare mu, ba su san kakansu lalataccen bel ba ne. Ya bar Kang Tatang.

Lahadin da ta wuce na je, domin rashin zuwan ya fi ƙarfina. Kujera tana fuskantar ƙofa. Na ajiye rikoda, ya dubi tagarta ya ga babu kowa a ciki, ya dube ni. Na danna maɓalli, ƙwas, na ja iska ta haƙora na yi ssssss, na yi tak huɗu da harshe, na kama dugudugu da baki, ina tsohon banza a tsugune gaban aminina. Wallahi ƙafar ta motsa. Na tsallaka waƙa ta uku don in kai shi gurbin, na yi hik, ya ɗaga ƙafa daidai wurin. A nan numfashina ya ƙare. Tari ya sarƙe ni, tabar shekara talatin ta zo karɓar nata. Ina tari, ƙafarsa tana sama tana jiran in ci gaba, har sai da Teh Nunung ta zo ta sa hannu biyu ta sauke masa ita. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kus, sau nawa ya roƙe ka?"

Za a binne marigayin ranar Asabar bayan la'asar, a bayan gidana, gindin gwaba, cikin garwar da ya rayu a ciki, tare da audugoginsa. Limamin unguwa ya ce kaset ba a yi masa komai, na kuma yarda, saboda haka za a tsaya shiru ne kawai na daƙiƙa shida. Akwai kofi da soyayyar awara. A zo da baƙar riga. Duk wanda ya kunna kundin nan a waya a harabar gidana, ko da niyyar alheri ne, zan raka shi bakin titi.

Ba a buƙatar fure ko gaisuwa. Abin da iyalan marigayin ke roƙo shi ne, idan akwai wanda ya haddace shi kamar yadda yake, da gudunsa da shaƙuwarsa, kuma yana da sauran huhu, ya same ni gidan Kang Tatang ranar Lahadi mu karɓi juna. Ni minti ɗaya da rabi nake iyawa, saura talatin da tara da rabi. Entis an yi masa aiki a maƙogwaro, Cecep yana can tsibirin Batam ya ce ya manta. Ban san wani ba, domin ban taɓa barin wani ya ji shi yadda zai haddace ba.

Ƙarfe huɗu ne. Teh Nunung ta ce ko an zo ko ba a zo ba, za ta juya kujerar.