Yaƙin Baban Basira da Yaren Kwamfuta

"Baba, takardar nan ta jikin bango ta ce ka iya kwamfuta. To me ya sa kullum Mama ce ke tura maka hoto a waya?"

Haka Basira, 'yata mai shekara tara, ta tambaya ranar Lahadi, a gaban baƙi, ana tsakiyar cin ɗanwake. Ta ce ranar Asabar Malama Hansatu, malamar kwamfuta ta makarantarsu, za ta zaɓi yara biyar da za ta koya wa rubuta manhaja, kuma sai wanda ya iya sa kwamfuta ta gaishe shi da sunansa za a ɗauka. Yarinyar nan ta ƙwallafa rai, ko shara take yi maganar ke nan.

Sai ya miƙe tsaye, sadaukin sadaukai, ɗan Malam Ilu mai gyaran rediyo, jikan Sambo wanda ya fara shigo da tocila garinsu, barden da ya yi wata uku cur a makarantar kwamfuta shekara goma sha biyar da suka wuce ya fito da shahada mai tambarin zinare, wato maigidana, wanda kunya ta hana ni kama sunansa. Ya daki ƙirji har yaji ya sarƙe shi, ya sha ruwa, ya sha alwashin tattaro wa 'yarsa ilimin gabas da yamma.

Ranar Litinin ya hau babur ɗinsa, ingarman da sai an tura yake tashi, ya kai farmaki kantunan littattafai na bakin kasuwa, ya kamo wani littafi mai hoton kwamfuta mai ƙaton ƙeya, irin wadda ko a ofishin ƙaramar hukuma an daina gani. Ranar Talata ya yi wa intanet ƙawanya, ya sauke bidiyo arba'in, har wayata ta cika, ya goge hotunan bikin ƙanwata, su ne suka fara kwanta dama a wannan gwagwarmaya. Ranar Laraba ya buga shafi ɗari shida na darussan kwamfuta, aka ɗinke masa, ya shigo da ganimar a kafaɗa yana huci, yana cewa, "A buɗe ƙofa, ilimi ya iso!"

To, akwai laftof a gidan. Tana can saman kabad, naɗe cikin tawul sabo, tun ranar da ya sayo ta. Na ce a sauko wa yarinya da ita ta taɓa. Ya dube ni da tausayi, ya ce hannun yara da maiƙo yake, kuma su a zamaninsu da hadda suka ci jadawalin lissafi, ilimi a ƙirji yake zama. Alhamis da Juma'a Basira ta durƙusa a tabarma tana rerawa, shi yana biya mata yana nuni da tsinken tsintsiya: "Buɗe baka, rufe baka, aya, sabon layi!" Har maƙwabciyata ta leƙo tana tambaya ko sabuwar waƙar makaranta ce.

Ranar Asabar muka raka ta. Aka kira sunanta, ta harɗe hannu, ta zubo shafi uku ba tuntuɓe. Aji ya ɗauki tafi, sadauki ya gyara hula.

"Madalla, Basira," in ji Malama Hansatu. "To ga kwamfuta, kunna ta ki rubuta."

Ta duba gaba, ta duba baya, ta ɗaga kwamfutar ta leƙa ƙarƙashi. Ba ta san inda ake kunnawa ba. Aka zaɓi biyar babu ita, ta yi kuka har gida. Amma kafin mu fito malamar ta ce za a sake zaɓe a zango na gaba, a samar mata darasi ɗaya gajere, a bar ta ta yi ta kuskure da yatsunta.

Muna shiga na taka kujera na sauko da laftof, ban nemi izinin kowa ba. Sadauki ya karɓa don ya buɗe, ashe ya manta kalmar sirri. Ya gwada sau shida yana gumi. Basira ta share hawaye, ta laluba madannai da yatsa ɗaya ta rubuta sunanta, sai ga laftof ta buɗe.

Shafi ɗari shida yanzu suna tokare da ƙafar gado.

Ke uwa mai karanta wannan, in ɗanki ya ce yana son koyon yaren kwamfuta, ki wanke masa hannu da sabulu ki zaunar da shi gabanta yau ɗin nan. In kuwa kika ga ubansa yana neman makullin babur, ɓoye shi, kuma ki ɓoye wayarki.