Yadda Ake Gyara Bututun Hayaki Ba Tare da an Leƙa Cikinsa Ba

Idan kana da tanderun burodi, hayaki ya daina hawa sama ya koma fitowa ta baki, kwantar da hankalinka. Bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari bututunka zai ja hayaki yadda bai taɓa ja ba. Duk wanda ya bi su har ƙarshe ya ga aiki. Mutum ɗaya ne dai ya bi su, Yakuba mai burodi na nan Gaya, kuma da shi zan riƙa ba ka misali.

Mataki na 1: San abin da ya toshe shi, ka yi shiru

Bututu yakan ƙi ja saboda kunkunniya, ko sheƙar tsuntsu, ko gajarta. Naka ba ya cikin waɗannan. Naka atamfa ce 'yar Holan, turmi uku, da ka hayo da ita daga Malanbil ta ƙasar Dahome a jirgin masunta, ba ta kan gada ba inda 'yan duwan, wato kwastan, suke zaune.

Haka ta faru da Yakuba. Ya gaji tanderunsa daga wani Bature da ya tattara ya tafi shekarar da aka sami 'yanci, da bututun bulo dogo wanda ake hangowa daga bakin kogi. Matarsa Aisata zane biyu gare ta, in ta wanke ɗaya ta ɗaura ɗaya. Ya yi mata alkawari ranar bikin Jamhuriya za ta fita da atamfa, ta bi layin mata ta tsaya a gaba. Da ya hayo da kayan ya ji ana cewa 'yan duwan na shiga gidaje, sai ya naɗe su cikin kirgi, ya ɗaure da igiya. Lokacin garin alkama ya yanke, tanderu a sanyaye yake. Gidan da ke jikin nasa ba kowa, ga wani dogon tsani a jingine. Ya hau, ya zura ƙunshin cikin bututu, ya ɗaure bakin igiyar a sama. Ko Aisata bai buɗe wa ta gani ba, saboda sauri.

Washegari kamyo, wato babbar motar kaya, ya zo daga Dosso ya sauke sabon shef na duwan, Bubakar, da tsohuwarsa Inna Jumma, da gadajensu, a wannan gidan da ba kowa. Tsani ya zama nasu.

Mataki na 2: Kada ka nemi wani tsani

Mutum ɗauke da dogon tsani a tsakiyar Gaya ba ya kaiwa gida sai ya amsa tambaya daga bakin kasuwa har ƙofarsa. Ko ka kai, wa zai hau? Inna Jumma tun daga sallar asuba tana tsakar gida da abin kaɗinta, fuskarta na kallon bututun, domin a ƙauyensu ba ta taɓa ganin gini mai tsawo haka wanda ba a kiran salla a kansa ba. Shef kuwa saboda zafi a waje yake kwana, rigingine. Bar kayan inda suke. Masana sun tabbatar atamfa ba ta gudu.

Mataki na 3: Hura wuta, amma kada ta ci

Garin alkama zai dawo. Mai burodin da ke da gari ba ya hura wuta, shi ma abin tambaya ne. To hura, amma da ɗanyen itace, guntu-guntu, yadda zafi ba zai kai sama ba. Burodinka zai fito fari fat, cikinsa kamar ƙullu. Idan mai saye ya yatsine fuska, ce masa haka ake cinsa a Faransa yanzu. Zai ji kunya ya biya.

Hayakin da ya rasa hanya zai fito ta bakin tanderu, ya cika gidanka, ya tsallake katanga ya shiga gidan Shef. Matarka za ta yi ta tari, idonta ya yi ja. Ba za ta yi ƙorafi ba, ta san abin da ke sama. Aisata takan tsaya tana jera burodi a faranti, ta ɗaga kai ta dubi bututun, ta ce a hankali:

"Malam, yana nan dai lafiya?"

"Yana nan," in ji Yakuba.

Kai ma haka za ka ce. Ba ka sani ba, amma faɗa da ƙarfi.

Mataki na 4: Karɓi shawara, kada ka taɓa ta

Maƙwabcin zai yi sallama. Shef Bubakar ya shigo yana share hawaye da hularsa. Mutum ne mai fara'a, wanda ya yi lakwal, wato karatun boko, kuma wannan shi ne haɗarinsa.

"Malam Yakuba, sannu da aiki. Tsohuwa ta ce in gaishe ka, ta ce ko tuwonta ƙaurin hayaki yake. Itacen nan naka ɗanye ne. Sa busasshe mana."

"Ranka ya daɗe, busasshe yana sa burodi ya yi fushi."

Shef ya dube shi. "To kafin ka hura, ƙona busasshiyar ciyawa a gindin bututun, in cikinsa ya ɗumama zai fara ja. Ka buɗe kafar iska ta ƙasa, na ga ka toshe ta da tsumma. In bai yi ba, a ƙara masa tsawo da rabin duro. Amma kafin komai a hau a share shi."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa za ka guje shi. Ka ce "Allah ya saka da alheri" bayan kowace shawara, ka ba shi burodi biyu ya kai wa tsohuwa, ka raka shi har ƙofa. In ya sake ambaton hawa, ka dafa ƙugu ka ce jiri kake yi tun kana yaro.

Mataki na 5: Ɗora laifi a kan wanda ba ya nan

Unguwa za ta fara magana. Ce musu Baturen da ya gina shi ya tafi da sirrin. In ba su gamsu ba, ce tun da kowace ƙasa ta kama gabanta iskar Dahome ta daina jituwa da tamu, a daidai kan gidanka suke haɗuwa. Ba wanda zai je ya tambayi iska.

Mataki na 6: Koyi gane tarko

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, ka natsu.

Wata safiya Shef Bubakar ya shigo da tsanin a kafaɗarsa, da kansa, ya jingina shi a jikin bututu. Ya karkaɗe hannu ya ce:

"Zan tafi Dosso, zan kai tsohuwa likita a duba mata ido. Sai jibi in Allah ya kai mu. Gidan ba kowa. Ka hau ka duba abin nan. Duk abin da ka tarar a ciki, sheƙa ce ko mene ne, ka sauke shi kawai. Ba ruwan kowa."

Kamyo ya ɗauke su, ana ganinsu har suka sha kwana. Aisata ta aje tsintsiya.

"Malam, hau mana."

"Ke ba ki san gwamnati ba," in ji Yakuba.

Ya yi daidai. Ɗan duwan da ya kawo maka tsani har gida, ya gaya maka ranar tafiyarsa da ranar dawowarsa, me kake tsammani? Wataƙila ya sauka a bayan gari ya dawo ta gonaki. Wataƙila ya bar mutum a kan bishiya. Ba ka ga kowa ba? Ai gwanintar ke nan. Daga saman tsani zuwa gidan kaso ba nisa.

Aisata ta ce to ita za ta hau. Kada ka yarda, mace a kan tsani abin kallo ne. Yakuba ya ɗauki tsanin a ka, ya mayar gidan Shef ya kwantar a gindin katanga, ya dawo ya zauna yana jin daɗin wayonsa. Da Shef ya dawo ya ga tsani a gida, hayaki na nan yadda ya bar shi, sai ya girgiza kai ya shige ɗaki. Ka ga shaida ke nan, tarkonsa bai kama ba.

Mataki na 7: In kumandan ya aiko, ka amsa

Biki zai matso. Ana gobe, gardin kumandan, wato dogarin mai mulkin gari, ya zo da amalanke cike da busasshen itace, ya ce baƙi za su zo daga Dosso, ana son burodi, kuma an ce ba irin na Faransa ba, irin wanda ya gasu. An umarce shi kada ya tashi sai ya ga an fitar. Ba a ce wa kumandan jiri kake yi.

Gardin mutum ne mai son aiki. Ya zare tsumman da ke kafar iska, ya cusa ciyawa, ya loda itace har baki, ya kunna. Kai tsaya a gefe, hannu a baya, kamar mai duba aiki.

Da farko hayaki zai dawo ta baki kamar kullum. Sannan za ka ji ƙaurin fata. Sannan wani abu zai ce fuu a can sama, guntun igiya ya faɗo yana ci da wuta, bututun ya fara gurnani. Hayaki zai miƙe sama sambal, tsakar gida ta washe, har ka ga fuskar matarka daga ƙofar ɗaki. Toka baƙa mai laushi za ta yi ta sauka a unguwa, a kan tulu, a kan awaki.

"Ka gani?" in ji gardin. "Itace ne kawai."

Ranar Yakuba ya fitar da burodin da bai taɓa yin irinsa ba, ja, mai ƙamshi, in ka matsa ya yi ƙara. To ga alkawarina ya cika.

Mataki na 8: In an yi maka magana ta kan katanga, kada ka amsa

Shef Bubakar ya leƙo. Ya cire hula, ya tsinci wani ɓarɓashi da bai gama ƙonewa ba, ya juya shi a yatsa, ya daɗe yana dubawa. Ba fushi a muryarsa, sai gajiya.

"Malam Yakuba, igiyar nan tun ranar da na sauka nake ganinta. Na kawo maka tsani har gida. Na ɗauki tsohuwa da idonta garau na jijjiga ta a kamyo har Dosso. Me ya rage? In hau in sauko maka da shi?"

Yi kamar kana juya burodi. Har yanzu yana iya zama tarko.

Mataki na 9: Shiga ɗaki

Wannan ba ni da dabararsa, sai dai in gaya maka yadda aka yi. Da safen biki ana jin ganguna daga filin kumandan, mata na wucewa ta ƙofar gida. Aisata ta ɗaura zanen da ta wanke jiya, ta ɗora farantin burodi a ka. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Malam, wane launi ne?"

Yakuba ya dubi bututun. "Kore ne. Da ratsin ruwan goro."

Ta gyara farantin a kanta. "Da ya yi mini kyau," ta ce, ta fita.

A kula

Mai wannan bayani ba shi da alhakin atamfa, ko kirgi, ko igiya, ko tokar da ta faɗa wa wani a miya. Ba shi da hannu a abin da zai shiga tsakaninka da maƙwabci, ko da duwan, ko da kumandan. Bututu ka kawo mini, kuma bututu ya ja. Idan matarka ta daina tari kuma ta daina yi maka magana, na farkon aikina ne, na biyun ka nemi wani gwani.