Igwar da Na Yi wa Kuɗi a Kasuwar Agadas

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da Anasara suka zauna a Agadas ba, don a cikinta na zubar da mutuncina da bakina. Lokacin ni dillali ne a kasuwa, kuma ina ji da kaina. Sau ɗaya tak na bi ayari zuwa Gat, can cikin Sahara (rabin tafiyar ma zazzaɓi nake yi a bisa raƙumi), amma tun da na dawo babu kayan Turawan da ban "sani" ba.

Wata safiya Kyari, wani mai gishiri daga Fachi, ya zo da abu ƙunshe cikin fata. Raƙuminsa ya mutu a hanya, yana neman wanda zai maye gurbinsa. Ya ce a bakin wata rijiya ya tsinci abin, inda soji suka taɓa yin zango.

Ya kwance. Tagulla ce doguwa, a lanƙwashe, ta yi kore don tsufa. Bakinta ɗaya faffaɗa kamar mazurari, ga wani sashe da ke zamewa gaba da baya. Wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. Amma mutane sun taru, idanu duk a kaina.

Na gyara rawani na ce, "Wannan ƙaramar igwa ce. A Gat na ga uwarta. Harbi ɗaya, mutum arba'in."

Taro ya ja da baya. Baba Illa maƙeri, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya leƙa cikinta ya ce, "Ɗana, to ina kunamarta?"

"Baba, ta zamani ce, ba ta da kunama. Nan ake ja, albarushi ya sauka." (Har da nuna masa da hannu, Allah ya yafe mini.) Na yanke mata kuɗi raƙuma uku. Kyari ya fara hamdala.

Sai aka ce ga soja nan tafe. Kowa ya san Kumandan, shugaban sojin Anasara, ya hana riƙe makami, kuma wanda aka kama sai ya ɗanɗana kurkuku. Na cusa abin cikin babbar rigata na zauna, ina jan tasbaha. Ashe faffaɗan bakin ya leƙo ta wuyana.

Sojan, wani dogon Babambare mai jar hula, ya tsaya ya ce da gurguwar Hausa, "Kai, fito da shi."

Ya karɓa, ya juya shi, ya kakkaɓe rairayi, ya lashi leɓe. Da na ga ya ɗaga ya saita bakin wajena, na runtse ido. Sai ƙara ta tashi, buuuu, kamar taguwar raƙumi mai naƙuda. Ban san sa'ad da na faɗa cikin buhunan albasar wata tsohuwa 'yar Tabelot ba, ina salati ina cewa, "Ya kashe ni! Ku gaya wa iyalina!"

Na daɗe ina jiran mutuwa. Dariya kawai nake ji.

"Toronbon ne," in ji sojan, yana share hawaye. "Kakakin Anasara. Wannan ya tsufa, ya lotse, iska ma na fita ta gefe."

Kyari ya dube ni ya ce, "Malam dillali, raƙuman nawa fa?"

Baba Illa ne ya fitar da ni kunya. Ya liƙe hujin, ya goge tagullar da toka da tsamiya har ta yi ƙyalli, sojan ya kai wa Kumandan. Aka ba Kyari jaki da turmin yadi, ya kuwa yi murna. Ni kuma tsohuwar ta sa na tsince mata albasa ɗaya bayan ɗaya.

Har yau Mai Igwa ake kirana. Amma na koyi wata kalma mai arha wadda ba ta taɓa jefa kowa cikin buhu ba: "Ban sani ba."