Katakon Jirgin Nuhu a Ramin Masai

Sau uku ana zaɓen dattawan coci a wani ƙauye can wajen Zonkwa, sau uku ana tsallake Dogara, mutumin da ko gona za shi sai ya goge takalmi. A cewarsa hassada ce kawai, don kaf garin babu mai kai irin nasa. Ana saura mako guda zaɓe na huɗu, yana haƙa ramin masai a bayan gida, sai digarsa ta ci karo da wani tsohon katako baƙi ƙirin, laka ta rufe shi ruf. Kafin yamma gari ya ɗauka: an tono ɓarin jirgin Nuhu, kuma duk faɗin duniya gidan Dogara aka zaɓa aka ɓoye shi. Ran Asabar ya naɗe katakon da sabuwar atamfar matarsa, ya kinkimo shi zuwa coci, wai a rataye shi a gaban jama'a da sunansa a ƙasa, masu zaɓe su gani.

Baba Habila, babban dattijo, ya gyara tabarau ya ce, "Dogara, Littafi ya ce a kan duwatsun Ararat jirgin ya tsaya. Me ya kawo shi bayan gidanka?"

"Haba Baba! Ruwan da ya ci duniya gaba ɗaya? Katako tambayar hanya yake yi?"

"To wannan ƙusar fa? Irinta ake sayarwa ranar kasuwa."

Dogara ya dafe ƙirji. "Kun gani ko? Ni dai a garin nan ko mala'ika na riƙo a hannu sai an ce a duba haƙoransa. Nuhu kafinta ne, Baba. Da miyau zai haɗa jirgi?"

Dattawa suka fara gyaɗa kai, Dogara ya fara hango kansa a kujerar gaba. Amma Asabar ranar shara ce ta zumuntar mata, kuma shugabarsu Mama Rifkatu ta ce ko na wane ne, abu mai laka ba zai kwana a cocin da ta share ba. Ta sa soso da sabulu ta dirje shi. Sai ga jan fenti ya fito raɗau, irin na bodin tsohuwar motar katako: FASINJA TALATIN. BANDA AWAKI.

Dogara ya yi gyaran murya, ko gezau.

"To ai ga shaida nan, Mama! Wanda zai kwana arba'in a rufe ana ruwa, dole ya kafa doka. Ke ba ki san ɓarnar akuya ba?"

Mama Rifkatu ta matse soso ta ce, "Na sani, ɗana. Su awakin da suka cinye mini rogo jiya, da iyo suka biyo jirgin?"