Dillalin Iska da Kurmin Kawu

Shekarun da Auta ya yi a waje, abubuwa sun canja. Shagon tela ya koma na cajin waya, Inna ta yi furfura, ɗakinsa ya zama ma'ajiyar buhuna. Bakinsa ne kaɗai ya dawo yadda ya tafi.

"Ku gumi kuke sayarwa, ni iska zan sayar!" ya ce, yana kaɗa makullin motar da ba shi da ita. "Kamfanoni na can suna turnuƙe sama da hayaƙi. Itace ya shanye hayaƙin, su biya mai itacen. Kasuwar kabon ke nan. Kawu, kurmin nan naka, ka bar shi a tsaye kawai, kuɗi su riƙa sallama."

"Wato a biya ni don ban yi komai ba?" in ji Kawu. "Ashe sana'arka ka kawo mana."

Duk da haka ya sakar masa kurmin, gadon da ko asuwaki bai yarda a karya a ciki ba. Unguwa kuwa ta raɗa wa gogan suna Dillalin Iska.

Da wani kamfani ya ce zai turo mai awo ta ƙiyasta itatuwan, sai Dillali ya ce manyan baƙi ba sa ratsa ƙaya da ƙafa. Aka sare, aka fitar da hanyar mota. Mota kuma, ka sani, tana son wurin juyawa. Baƙi na son rumfa, rumfa na son bencina, bencina na son teburi. Ragowar itatuwan aka yi gawayi da su don a sallami kafinta. Kawu na gida yana jinyar ƙafa, ana ce masa aiki sai sam-barka.

Ranar zuwa aka tallabo Kawu. Mai awo ta zauna da igiyar awonta, ta duba gabas ta duba yamma.

"Malam, wurin taro ya yi kyau. Ina kurmin?"

Dillali ya hau gyaran wuyan riga. Kawu ya shafa bencin, ya ce, "'Yata, a kansa kike zaune."

Ta naɗe igiyarta. Motar ta juya cikin sauƙi, tunda an yi mata fili.

Dillali na cusa kaya a jaka yana mitar ba a san darajar mai basira ba, Inna ta leƙo.

"Allah ya kiyaye hanya, ɗan nan. Akwai bishiya ɗaya a tasha da matafiya ke shan inuwa. Don girman Allah, kar ka ce za ka kare ta."