Yadda Injiniyan Falo Ya Raba Kwamfutar Matarsa Biyu

A duk layinmu babu masanin kwamfuta kamar Injiniyan Falo. Shi ma ya tabbatar da haka. A wurin aiki dai hatimi yake bugawa a takardu, amma tun da ya kalli wani bidiyo a wayarsa, har kusan rabinsa, tafiyarsa ta sauya. Ya sayi tabarau. Ko fitila zai kunna sai ya naɗe hannun riga.

Bidiyon ya koya masa cewa akwai wata babbar manhaja ta kyauta, wadda masana na duniya suka haɗu suka gina, ana iya zaunar da ita gefen tsohuwar da ke cikin kwamfuta. Injiniya ba shi da kwamfuta. Matarsa ce ke da ita. Malamar makaranta ce, kuma a ciki ta rubuta tambayoyin jarrabawar da za ta miƙa washegari.

"Baban yara, ka bari in miƙa tukuna," in ji ta.

"Malama, ilimi ba ya jira. Ɗakin cikin kwamfutar zan raba biyu, kayanki ko ƙura ba za ta taɓa su ba."

Aiki irin wannan ba a yinsa babu shaidu. Bayan la'asar ya tara tela, da mai kemis, da direban makwabcinsa, da ni, ya jera mu a kujera, ya kafa doka: kada wanda ya yi magana har a gama. Ya ɗaga filashin da manhajar ke ciki sama kamar sabon jariri, ya soka a kwamfutar.

Kwamfuta ta tambayi harshe. Injiniya ya wuce waɗanda ya iya, ya zaɓi wani mai ɗige-ɗige a kan haruffa.

"Manya ba sa aiki da harshen kowa da kowa," ya ce.

Daga nan bai sake gane ko kalma ɗaya ba, amma ya ci gaba da danna maɓallin dama yana gyaɗa kai, kamar suna hira. Cikin ikon Allah ya raba ɗakin daidai. Da aka zo kalmar sirri sai ya rufe allo da hula, ya zuba wata mai tsawon gaske, bai san harshen da ya zaɓa ya juya masa madannai ba.

Kwamfuta ta mutu ta taso. Wani baƙin allo ya fito da layuka, sabuwar manhaja a sama, tsohuwa a ƙasa, yana jiran a zaɓa. Injiniya bai gani ba. Ya riga ya juya wa kwamfutar baya yana jawabi.

"Jama'a, yau an 'yantar da gidan nan!"

Kafin ya juyo, ta gaji da jira ta shige sabuwar, ta nemi kalmar sirri. Ya buga. Ta ƙi. Ya gyara tabarau ya buga. Ta girgiza masa akwatin rubuta kalmar.

"Gwada ni take yi," ya ce, ya kashe ya kunna.

Baƙin allon ya dawo. Injiniya ya juya, ya shiga bayanin yadda injin ke numfashi. Tela ya ɗaga yatsa.

"Maigida, wai ga…"

"Na tsoma maka baki a ɗinki?"

Haka aka yi ta yi. Ya kunna, ya juya, ya yi jawabi, ta shige. Mai kemis ya cusa hanci cikin riga, kafaɗunsa na rawa. Direba ya fita waje wai tari ya kama shi, muna jiyo tarin har da buga ƙafa.

Can gumi ya jiƙa wuyan rigar Injiniya. Ya cire hula ya yi ƙasa da murya.

"Tsohuwar manhaja ta riga mu gidan gaskiya. Dama ta tsufa. Kowane ci gaba da irin sadaukarwarsa."

Malama na shigowa da shayi ta ji wannan ta'aziyya. Tiren ya karkace, shayi ya fantsama a madannai daidai lokacin da baƙin allon ya sake fitowa.

"Tambayoyina! Ka kashe ni, Baban yara!"

Ta kai gefen mayafi tana gogewa da ƙarfi, tana danne duk abin da hannunta ya samu, ashe ta zaɓo layin ƙasa. Sai ga tsohon allonta ya buɗe, hoton 'yan ajinta na murmushi, tambayoyi na nan ko wasali bai ɓace ba.

Falo ya kaure da ihu. Injiniya ya mayar da hula a hankali.

"Haka na tsara."

 Malama ta rungumi kwamfutarta ta shige ɗaki, muka ji ƙarar sakata.

Har yau rabin kwamfutar nan mallakin Injiniya ne, babu mai ja. A ofis yana ba da labari cewa ya girka tsaron da babu ɗan adam ɗin da zai iya fasa shi. Wannan kam gaskiya ya faɗa. Shi ma bai taɓa shiga ba.