Injiniyan Iska na Otal ɗin Madam Scholastica

Duk Kafanchan, daga tashar jirgi har hanyar Kagoro, babu mai ilimin iska kamar Mista Bartholomew Kumai. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ba a taɓa jin ya canja magana ba.

Shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo gari, Madam Scholastica, matar marigayi yayansa, ta zuba duk abin da mijinta ya bari ta gina otal mai babban zauren biki. Wani kamfani daga Legas ya kafa mata na'urar sanyaya ɗaki. A bayan gini akwai kwamfaresa da tankinsa, yana tura iska ta siraran bututun jan ƙarfe zuwa wasu ƙananan akwatuna a jikin bango. In akwati ya ji zafi sai iskar ta buɗe ƙofar sanyi, in ya ji sanyi ta rufe. Da kamfanin ya nemi wanda za a koya wa kula da ita, Madam ta dubi dangi. Bartholomew ya tafi Legas kwas, ya dawo da farar kwat har gwiwa da agogon awon iska rataye a wuya kamar na likita. Ya ce daga yau a kira shi Injiniyan Iska. Mutanen gari suka karɓi sunan da murna. Wasu ma, saboda tsananin ƙauna, sukan ɗan gyara sunan in ya ba da baya.

Aikinsa na farko shi ne ya sa kafinta ya buge tagogin zauren da ƙusa.

"Baban Hellen, in abin ya lalace fa?" in ji Madam, tana kiransa da sunan 'yarsa.

"Madam, wannan ba aikin kicin ba ne. Wannan sistem ne. Iskan waje bai yi makaranta ba, ba zan bar shi ya haɗu da nawa ba."

Akwatunan bango an yi su ne suna ɗan huci, haka suke aiki. Injiniya ya kasa kunne ya ji suna yi masa tsaki a gaban baƙi. Bai yi fushi ba, don mutum ne mai haƙuri. Ya dai bi su ɗaya-ɗaya ya liƙe bakinsu da gam, suka yi shiru kamar yaran kirki.

Saura magana guda. An gaya masa a Legas cewa kowace safiya ya durƙusa ya buɗe ɗan famfon da ke gindin tanki, ruwan da iska ke tarawa ya fita. Ya yi dogon nazari a kan wannan. Na farko, injin iska ne, ba na ruwa ba. Na biyu, injiniya ba ya durƙusawa sai a coci. Da haka ya rufe babin.

Damina ta kankama, aka zo da bikin da Madam ta daɗe tana addu'a a kansa. Meshak, ɗan wani babban dillalin citta na Kwoi, zai auri Malama Mildred. In wannan biki ya yi kyau, ai otal ya kafu. Bayan coci zaure ya cika maƙil: fastoci, shugabannin makarantu, matan zumunta da anko. Ba a gama addu'ar buɗewa ba sanyi ya ɗauke. Hodar amarya ta fara gangarowa. Kek mai hawa uku ya karkata gefe guda. Kakan ango ya kwance wuyan riga yana haki, jikokinsa na yi masa fifita da takardar waƙa.

Injiniya ya zagaya baya ya ƙara wa kwamfaresa ƙarfi, don a iliminsa babu cutar da firesha ba ya warkarwa. Ya dawo ya karɓe makirfo daga hannun shugaban biki.

"Iyaye da 'yan'uwa cikin Ubangiji, kada kowa ya ji tsoro. Zafin da kuke ji daga jikinku yake, ba daga sistem ba. Iskan da ke cikin wannan bututu busasshe ne, mai tsabta, ya fi wanda ke cikin huhun kowa a nan. Bari ku gani da idonku."

Ya matsa kusa da teburin ango da amarya, ya cizge bututu daga akwati. Ruwa ja mai tsatsa da baƙin mai ya yi tsiri, ya sauka a kan farar rigar amarya daga kafaɗa har cinya. Mildred ta dubi rigar, ta dubi Meshak, ta fashe da kuka.

Injiniya ya duba agogon wuyansa, ya gyaɗa kai. "Alama mai kyau ne," ya ce. "Sistem yana gumi. Abin da ba ya aiki ba ya gumi."

Madam ta miƙe. Ta shiga kicin ta fito da taɓarya, ta bi tagogin nan da duka har suka buɗe. A gindin mangwaro aka ƙarasa biki, amarya ɗaure da zanen aro. Mako ya zagayo Madam tana can Kwoi tana durƙusa wa iyayen mutane, da ƙyar aka yafe mata.

Mutanen kamfanin suka zo suka buɗe gindin tanki, ruwa ya yi ta zuba kamar an fasa randa. Suka ce bututu da akwatuna duk sun tashi aiki, sai an kawo sababbi daga ƙasar waje. Madam ta ce ta gode, su gaida Legas.

Korar ƙanin miji ba abu ne mai sauƙi ba, don haka Injiniya na nan a bakin aikinsa da farar kwat ɗinsa. Da safe ya buɗe tagogi, in hadari ya taso ya rufe. Duk baƙon da ya tambaye shi aikinsa, sai ya gyara tsayuwa ya ce an yi masa ƙarin girma: a da iskar bututu kaɗai yake riƙe da ita, yanzu kuwa ta Kafanchan gaba ɗaya sai da izininsa take shiga.